Baba yana zuwa ranar Juma'a

A watan Oktoban 2019 ne, muna zaune uku uku a benci a wata sakandare da ke unguwar Guéma a Parakou, malamin Ingilishi ya raba allo gida uku. Ya ce Bature ba ya faɗin gobe da baki ɗaya. “Will” na abin da ka yanke nan take ne, “going to” na niyyar da ke cikin rai. Amma in an sa rana, an gama magana, sai a liƙa wa aikatau “ing”, a faɗe shi kamar ana cikin yi.

Na biyun bai ba ni wahala ba, Faransanci na da irinsa, mu ma “za ni kasuwa” da “zan saya” uwarsu ɗaya. Na ukun ne ya tsaya mini a rai. Yaya ɗan Adam zai kama jibi a hannu, ko in sha Allahu babu?

Lokacin Baba na can ƙetaren iyakar Chikanda da motar kaya. Tun 20 ga Agusta Najeriya ta rufe iyaka, shi kuwa ya ƙi barin kayan mutane ya dawo hannu rabbana. Duk dare Inna kan kai waya kunne, in ji muryarsa tana yankewa: “Ina zuwa.”

Da aka ce kowa ya kawo misali, na rubuta “My father is coming on Friday”. Har yau ina jin ƙaurin alli da gumin da ya jiƙa takardar. Malam ya karanta wa aji, ya ba ni maki cikakke da jan biro, ya ce ga wanda ya gane. Na tafi gida da gudu, wallahi a zatona Turanci ya ɗaure Baba.

Juma'a ta zo, na zauna bakin titin Malanville ina ƙirga manyan motoci har aka kira magariba. Wata Juma'ar ma haka. Ban gane ba sai daga baya, cewa Bahaushe kan ce “ina zuwa” ne yana ba ka baya.

Wata Talata da dare ya shigo a kan zemijan, wato babur ɗin haya, ba mota, ba kaya, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Na ɗauko littafin zan nuna masa. Inna ta harare ni, ta ce, “Kai, kawo wa babanka ruwa.”