Yadda muka gyara tsohuwar bas muka kai Baba Daura

Duk mai bi ta layinmu ya san farar bas ɗin nan da ta daɗe a gindin darbejiya, kaji na kwana a ƙarƙashinta, yara na rubuta sunayensu a ƙurar gilashinta. To ita ce ta kai Baba Daura bayan Ƙaramar Sallar 2024, ta kuma dawo da mu Tafa lafiya. Mutane da yawa sun tare mu suna tambaya, "Wai da gaske wannan akwalar ce ta je?" Shi ya sa muka ga gara mu rubuta yadda aka yi, ko wani zai amfana.

Baba ya zo garin nan yana yaron mota, tun kafin a haife mu. A bakin titin nan na Abuja zuwa Kaduna ya koyi tuƙi, a nan ya yi aure, ya tara kuɗi ya sayi Toyota Hiace 'yar Kwatano. Da ita aka ciyar da mu, da ita aka biya mana kuɗin makaranta. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, sai muka ba wani direba yana kawo abin da ya samu. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta bi ta haura 600. Abin da direba ke kawowa ya daina isar ko gyara, muka karɓi makulli muka ajiye ta.

Cikin azumi, wata rana bayan shan ruwa, Baba ya ce, "Ku kai ni in ga Yaya." Yayarsa ke nan da ke ƙauyenmu gaba da Daura, su biyu suka rage a ɗakinsu, rabonsu da juna shekara tara. Ita ido ya tafi, shi ƙafa ta tafi. Ba wanda ya amsa a cikinmu, don mun san Baba ba ya iya zaman rabin awa a kujera, tafiyar kuwa ta kusa kilomita 500. Motar haya ba ta taso ba, shata kuma ta fi ƙarfinmu. Autarmu ce ta leƙa waje ta ce, "To ga motarsa nan."

Mu biyar ne, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Maƙwabta da suka ji labari su ma suka sa hannu, har da tsofaffin direbobin da suka yi zamani da Baba. Muka ɗauko wani dattijon bakanike daga garejin bakin titi. Ya zagaya motar sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙasanta, ya ce, "Yara, motar da ta zauna ta fi mai aiki ciwo. Roba ta bushe, mai ya lalace, ɓera ya yi gida." Mu a lissafinmu batir za a saya, a yi juyen baƙin mai, in kuɗi ya ragu a watsa mata fenti don kada a shiga garinmu da kunya. Ya yi dariya ya ce fenti ba ya tsayar da mota a gangare. Ya tsara mana aiki: birki tukuna, sai taya, sai abin da ke sanyaya inji, saura ya biyo baya.

Da aka kwance ƙafafun, ashe birkin baya na gefe ɗaya ya kama tsatsa ya daskare, ɗaya gefen kuma yana yoyon mai. Aka canza takalman birki da robobinsu, aka zubar da tsohon man birki aka zuba sabo, aka duba boris aka cika shi da giris. A kan taya ne muka yi gardama. Babban yayanmu ya ce ai zanensu bai cinye ba, asarar kuɗi ce. Bakanike ya goge gefen ɗaya da tsumma ya nuna mana lambobi huɗu: 2316. Ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato an yi tayar a mako na 23 na 2016. 'Yan Rod Sefti kan ce shekara huɗu ce rayuwar taya, tamu ta ninka. Kuɗinmu bai kai na huɗu ba, sai muka sayi sababbi biyu aka sa a gaba, muka zaɓi masu ƙarancin shekaru biyu na hannu don baya, da safaya mai lafiya.

Aka wanke lagireto, ruwan da ya fito ja wur kamar kunun kanwa. Aka canza tiyo biyu da fambel da fulogi, aka sauke tanki aka wanke, mai gyaran waya ya bi inda ɓeraye suka ci ya haɗa, fitilu da waifa suka dawo. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne salansa. Ta ɓule daidai ƙarƙashin wurin da muke shirin kwantar da Baba, ƙasan motar ma tsatsa ta huda shi. Bakanike ya ce hayaƙin nan in ya taru a mota rufe, mai barci ba lalle ya farka ba. Ranar nan mai walda ya wuni a kanta.

Sannan aka zo aikin mai da ita ɗaki. Muka cire layi biyu na kujerun baya. Mai walda ya yi ɗan gajeren gado na ƙarfe, ya ɗaure shi a ramukan da kujerun suka fito, ya yi masa kariya a gefe don kada birki ya mirgino da Baba. Muka shimfiɗa katifa da leda a kai, da filo uku. Inna ta ɗinka labule daga tsohon zaninta saboda rana, ga shi lokacin bazara ne. Ƙarƙashin gado muka jera jarkar ruwa biyu, buta, tabarma, bokiti mai murfi, kular abinci da jakar magani. Akwatin kayan aiki kuma a bakin ƙofa: jak, sifana, fambel da tiyo na ajiya, galan ɗin baƙin mai, tocila da igiya.

Da aka gama mun so mu ɗauki hanya washegari, bakanike ya hana. Ya ce a gwada ta da kaya tukuna. Muka aro buhunan masara huɗu muka loda, muka je Suleja ta Dikko muka dawo, muka miƙa har Jere da tsakar rana. A hanyar dawowa allurar zafi ta fara hawa. Ashe murfin lagireto ne ya saki, ba ya riƙe ruwa. Ɗan abin da bai kai kuɗin cefanen yini ba, da a dajin Rijana ya nuna halinsa fa? Muka canza shi, muka sabunta takardun mota da inshora, wadda tun Janairun 2023 ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, muka sayi tukunyar kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku.

Mun tashi bayan asuba, amma sai da gari ya waye sarai. Mutumin Tafa ba sai an gaya masa dalilin da ya sa ba a bin Katari da Rijana da duhu ba. Bakanike ya haɗa mu da yaronsa. Likita ya ce a riƙa juya Baba duk bayan awa biyu, don haka muka tsaya a Kaduna, muka tsaya a Zariya. Ba mu wuce gudun 80 ba, tireloli ma wasu suna wuce mu. Kusa da Kwanar Dangora mota ta fara shiƙa tana ja da baya. Gabanmu ya faɗi. Yaron ya sauka ya duba, ya ce ragowar dattin tanki ne ya toshe matatar mai. Ya zaro sabuwa daga aljihunsa, wai maigidansa ne ya ce ya riƙe. Baba daga kwance ya ce, "Ai tun Tashar Yari na ji muryarta ta canza." Wannan ce dariyarsa ta farko a tafiyar.

Muka ratsa Kano, muka bi ta Ɗambatta da Kazaure, muka shiga Daura ana kiran magariba. Da aka buɗe ƙofar mota a ƙofar gida, aka riƙo hannun Gwaggo aka kawo ta. Ta shafa fuskarsa ta ce, "Kai ne ka tsufa haka?" Ya ce, "Yaya, ke kika fara." Mu dai muka koma gefe muka ba su wuri.

Kwana huɗu muka yi. Ranar komawa Baba ya ce a bar shi sai bayan damina, Inna ta zauna tare da shi. Haka muka dawo da gadon ba kowa a kai.

Ba mu mayar da kujerun ba. Tun dawowarmu ta kai mata biyu masu naƙuda asibiti cikin dare, ta kai wani dattijon layin baya Suleja a kwance. Duk Juma'a muna tayar da ita mu zagaya, don kada ta sake zama. Makulli yana gidanmu, wanda lalura ta same shi ya ƙwanƙwasa ko ƙarfe nawa ne, ya zuba mai kawai. Tayoyin baya dai har yanzu na hannu ne, muna tara kuɗin sababbi kafin lokacin ɗauko Baba.