Yadda Muka Tsara Ziyarar Yini Ɗaya a Dajin Yankari

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Da yawa daga cikinmu ba mu san giwa da zaki da ɓauna ba sai a tatsuniya da littafin karatu, alhali kuwa ga su nan a Jihar Bauchi, cikin dajin Yankari. A bara ni ne 'yan ƙungiyar labarin ƙasa ta makarantarmu suka ɗora wa nauyin tsara ziyarar yini ɗaya zuwa wannan daji, tare da malamin da ke kula da mu. Babban abin da na koya shi ne namun daji suna da nasu lokaci, wanda duk ke son ganinsu kuwa dole ya bi lokacin nan nasu.

Kafin mu sa rana sai da muka bincika tarihin wurin. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma kogin Gaji ya ratsa ta tsakiyarsa. Wannan kogi shi ne rayuwar dajin, domin ba ya ƙafewa ko da rani.

Muhawara ta farko da muka yi a kan wata ce. Wasu suka ce a tafi ƙarshen damina, lokacin da daji ya yi kore shar, ya fi kyaun hoto. Malam ya ce, "To, hoton ciyawa za ku ɗauko ke nan." Ya bayyana mana cewa da damina ruwa yana ko'ina, saboda haka dabbobi sukan warwatsu, ga ciyawa ta fi tsawon mutum, ga hanyoyi sun yi taɓo. Amma daga Fabrairu zuwa Afrilu tafkuna sun ƙafe, ciyawa ta kwanta, ƙishirwa kuma takan kora kowace dabba zuwa bakin Gaji. Da jin haka muka tsayar da watan Maris.

Maganar kuɗi ita ta fi hana ni barci. Kowa ya kawo nasa kason na hayar mota da kuɗin shiga, kuma na san akwai ɗan ajinmu wanda sai da mahaifiyarsa ta sayar da kajinta biyu kafin ya cika nasa. Idan muka je muka dawo ba mu ga komai ba, da wane ido zan dube shi? Saboda haka na raba yinin kashi uku: safiya ta kewayen daji, tsakar rana ta hutu, yamma kuma ta kewaye na biyu.

Da sanyin safiya ake kama fara. Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Bauchi, muka bi hanyar Gombe, muka ratse a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji. Wani abin da masu shiri kan manta shi ne isa ƙofa ba isa masauki ba ne. Daga nan akwai sauran tafiyar wajen kilomita 40 cikin daji kafin a kai sansanin Wikki, ga shi ba a gudu da mota a wannan hanya. Tun kafin ranar mun aika an tanadar mana ɗan jagora, don ba a shiga kewaye sai da ma'aikacin dajin.

A kewayen safe mun ga gwanki da kanki da gwambaza, mun ga mugun dawa yana gudu da wutsiya a tsaye, mun kuma ga kada kwance a bakin ruwa kamar gungume. Tsuntsaye kuwa ba a magana, an ce irinsu ya haura 350 a dajin. Giwa dai ba mu gan ta ba, sai kashinta da rassan da ta kakkarya. Ɗan jagora ya ce mu kwantar da hankalinmu, rana ta fara zafi, ta shige duhuwa, sai yamma.

Da rana ta take muka koma Wikki. Nan ne maɓuɓɓugar ruwan ɗumi take, tana fitowa daga ƙarƙashin wani dutse. Zafin ruwan yana nan a digiri 31 dare da rana, rani da damina, ga shi garau har kana hangen yashin ƙasa. Muka yi wanka, muka yi sallar azahar, muka ci guzurinmu. Duk mai zuwa nan ya rufe abincinsa cikin mota, domin gwaggon birin Wikki ba shi da kunya. A gabanmu wani ya fizge ledar burodi daga hannun wani baƙo, ya hau bishiya yana ci yana kallonsa. Bayan haka muka shiga ɗakin kayan tarihi, inda aka ajiye fatu da ƙasusuwa da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga hannun mafarauta.

Wasu sun so mu je kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dā suka fafe a jikin dutse, waɗanda ake kyautata zaton maɓoya ce a zamanin farautar bayi. Na duba agogo na ga in muka je za mu rasa kewayen yamma. Muka yi shawara, muka bar su sai wani jiƙon. Wanda yake da yini ɗaya tak dole ya zaɓi abu biyu ko uku ya haƙura da saura.

Bayan la'asar muka sake fita. Muna gab da kogi sai ɗan jagora ya ɗaga hannu, direba ya kashe mota. Ga giwaye nan suna ƙetare hanya a jere, 'ya'yan a tsakiya, babbar tana kaɗa kunnuwa. Mu da ba ma rabo da surutu, ranar nan ko tari babu wanda ya yi. Ɗan ajinmu mai kaji biyu ya riƙe hannuna ya ce, "Ashe haka girmanta yake!" Zaki kam ba mu gan shi ba, an ce ma'aikatan ma sukan daɗe ba su yi arba da shi ba. Kafin duhu ya yi mun kama hanyar gida.

'Yan'uwana ɗalibai, giwayen Yankari suna cikin 'yan kaɗan da suka rage a Nijeriya, masu neman haure kuwa sun rage su ƙwarai. Duk ajin da ke da niyyar zuwa, ya zaɓi rani, ya yi sammako, ya ɗauki ruwan sha isasshe, ya bar tsakar rana don hutu, ya kuma bi umarnin ɗan jagora. Allah ya sa ƙannenmu ma su tarar da giwayen nan suna shan ruwa a Gaji, amin.