Apo Da Sha'anin Ƙotar Bindiga

Mutumin da ya baro Garki ya miƙi hanyar kudu, ba zai yi tafiya mai nisa ba sai ya ga ya shiga Apo. Da farko zai tarar da gidajen 'yan majalisa, waɗanda Gwamnatin Tarayya ta gina, daga baya kuma ta sayar da su a zamanin Shugaba Obasanjo. In ya ƙara gaba sai ƙura ta tashi, ya iso unguwar makanikai, inda injunan motoci ke jibge bakin hanya, ƙarar guduma ba ta yankewa tun hantsi har magariba. Gaba kaɗan kuma ga unguwar da aka gina don tsugunar da mutanen ƙauyen Garki da maƙwabtansu, watau Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa.

Kafin dokar 1976 wadda ta kafa Babban Birnin Tarayya, wannan wuri duk gonakin doya ne da dawa, sai daji da duwatsu. Inda daji yake kuwa ba a rasa maharbi, maharbi kuma ba ya rabuwa da bindigarsa ta toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Turawa suna kiranta da sunan mutanen Denmak, saboda fatakensu ne suka yi suna wajen sayar da irinta a gaɓar tekun Gana. Bindigar nan aikin hannu biyu ce. Maƙeri ke da ƙarfen, amma ƙotar, watau icen da ke riƙe da bututun ya kuma zauna a kafaɗar mai harbi, wannan sai da gizago, daga guntun ice ɗaya mai tauri irin su maɗaci.

Dajin ya ja da baya, amma masu aikin ice ba su ƙare a Apo ba. Ga rumfunan kafintoci nan a gefen hanya, ana fafe ƙofofi da gadaje da kujeru. Kowane kafinta a cikinsu ya san wani abu da ba a makaranta ya koya ba: katako ba ya mutuwa don an sare shi. Ƙofar da aka kafa da damina, sa'ad da iska ke cike da laima, in hunturu ya busa sai ta tsuke har haske ya riƙa shigowa ta gefenta. Wadda aka kafa da hunturu kuwa, Agusta na zuwa sai ta kumbura ta ƙi rufuwa. Mai gida ya yi ta zagin kafinta, alhali kuwa laifin ice ne.

To, abin da ke sa ƙofa ta ƙi rufuwa shi ne ke sa harsashi ya kauce. Ga maharbin da ke laɓaɓa har ya kusanci gada taku ashirin, wannan ba wani abin damuwa ba ne. Amma ga bindigar saiti, irin wadda ake gasar harbi da ita daga nesa, magana ce babba. A ce bututu tsawonsa santimita 60 ne, ƙota ta karkace ta tura bakinsa da kashi ɗaya cikin goma na milimita, watau kamar kaurin silin gashi. A nisan mita 300 harsashin zai kauce da santimita 5. Mai harbi bai canja komai ba, yanayi ne kurum ya juya.

Maganin da aka samo shi ne a daina dogara ga ice ɗaya. Sai a yanka ice fale-fale, kowane falle bai kai milimita 2 ba, a shafe su da gam mai ƙarfi, a jera su bisa juna, a matse da zafi har su zama dunƙule ɗaya, sa'an nan a sassaƙa ƙota daga ciki. Kowane falle yana so ya karkace ta gefensa, na kusa da shi ya hana shi, gam ɗin kuma ya toshe wa laima hanya. Jamusawa ne suka yawaita wannan dabara a ƙarshen shekarun 1930, a bindigarsu ta soja K98k, da icen walnat da suka saba amfani da shi ya yi musu ƙaranci. Da talauci aka fara, ashe an dace. Rashawa suka bi sawu a bindigar AKM ta 1959 da Dragunov ta 1963.

Daga baya sai abin ya zama sana'ar ƙwararru, musamman a Amurka. Can mutum kan aika da awon hannunsa da tsayin wuyansa a sassaƙa masa ƙota daidai jikinsa, kamar yadda ake kai wa tela awon riga. Akan rina fallayen launi-launi, in an sassaƙa sai zane ya fito kamar saƙar tabarma. Akan kuma fafe mazaunin bututun ta yadda ice ba zai taɓa shi ba ko kaɗan, har a zura takardar kuɗi tsakaninsu ta wuce salin alin. Ƙotar ta fi ta ice ɗaya nauyi, amma mai gasa ba ya ƙin nauyi, don yana rage masa rawar hannu. A watan Agusta na 2014 gobara ta cinye masana'antar Rutland Plywood a jihar Bamont, wadda ke ba masu sassaƙa da yawa wannan katako, sana'ar kuwa ta ji a jikinta.

Abin takaici, Nijeriya ba baƙuwa ba ce a aikin manna katako. A ƙarshen shekarun 1940 kamfanin AT&P a Sapele ya fara yin katakon fale-fale, har a zamaninsa ya kasance cikin manyan masana'antun irinsa a duniya. Ice mai kyau kuma akwai shi, ko kuwa dai an yi shi: maɗobiya an yi ta sararta ana lodawa zuwa Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu daga 2017. Ma'aikatar ƙera makamai ta Kaduna, DICON, wadda aka kafa a 1964, ita ma akwai shekarun da aiki ya yi mata ƙaranci har ta koma yin kujeru da tebura.

Sai dai kada wani kafinta a Apo ya karanta wannan ya ɗauki gizago. Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko harhaɗa ta ko gyara ta ba da izini ba, a idon dokar nan kuma sashen bindiga ma bindiga ne. Ko ta toka sai da lasin. Duk wanda ya ga halin da ƙasa ke ciki ba zai ce dokar ta yi tsanani ba.

Saboda haka katakon nan na manne, in mutumin ƙauyukan gefen Abuja ya taɓa ganinsa a jikin bindiga, to mai yiwuwa a hannun ɗan sanda ya gan shi, ko kuwa, Allah ya kiyaye, a hannun masu satar mutane, irin waɗanda suka addabi yankin Bwari a farkon 2024. 'Yan banga da maharban da ke kwana suna gadin ƙauyuka kuwa, yawancinsu har yanzu ta toka ce a kafaɗarsu, mai harbi ɗaya a sake ɗuri. In hunturu ya shigo ƙotar ta fara tsagewa, sai a shafe ta da man kaɗanya, a naɗe tsagar da waya ko tsirkiyar fata, a rataya ta a fita.