Minti Huɗu A Cikin Adakar Mai Agogo

A wata unguwa da ke kusa da Babban Masallacin Jos akwai wani dattijo mai gyaran agogo, wanda aka haifa a Bukuru cikin 1948. Tun da daɗewa sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, yaro da babba sai dai su ce Baba Mai Agogo. A hannun wani Bayarabe mutumin Ogbomosho ya koyi sana'ar, ya kuwa yi shekara fiye da 50 yana aiki da gilashin ƙara gani manne a idonsa na dama. Yanzu ciniki ya ja baya, gama wayar hannu ta kashe kasuwar agogo, ga shi kuma yanar ido ta soma kama shi. Amma akwai wani aiki guda da ya ƙudura a ransa sai ya gama kafin ganin ya ƙare, aikin kuwa yana cikin wata tsohuwar adaka a ƙarƙashin gadonsa.

Mahaifinsa kuku ne a gidan wani Bature injiniya na kamfanin haƙar kuza. A shekarun 1950 leburori daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno suna ta kwarara zuwa barikokin Bukuru da Barikin Ladi da Bisichi, suna jidar ƙasa da kwanon sarki, Turawa kuwa suna zaune a gidaje masu furanni a kan tudu. Uwargidan wannan Bature tana da wata 'yar kamarar ɗaukar majigi mai suna Bolex, ƙirar kamfanin Paillard na garin Sainte-Croix a ƙasar Suwizalan, garin da aka sani da ƙera akwatunan kiɗa. Ba ta aiki da batir ko lantarki. Wani ake yi mata kamar agogon tebur, a danna kunama, sai ka ji tana 'yar ƙara kamar keken ɗinki.

Ga wanda ya tashi a zamanin waya, yadda ake ɗaukar hoto da irin wannan kamara abin mamaki ne. A 1932 kamfanin Kodak na Amurka ya fito da fim mai faɗin milimita 8 domin masu ɗauka a gida. Nadin da ake saya tsawonsa ƙafa 25 ne, faɗinsa milimita 16. In aka ɗauki gefe guda ya ƙare, sai a buɗe kamara a cikin inuwa, a juya nadin, a ɗauki ɗaya gefen. Daga nan a sa a ambulan a aika Ingila ta gidan waya. Can za a wanke, a tsaga shi biyu ta tsawo, a haɗa bakin, ya zama ƙafa 50. Bayan makonni ya dawo cikin ɗan kwali rawaya. A kowace ƙafa akwai 'yan hotuna 80, watau 4,000 ke nan a nadi guda, majigi kuwa yana haska 16 a kowane sakan. Duk wannan wahala da jira, abin da za a samu minti 4 ne da sakan 10, babu murya.

A 1973, shekara guda bayan dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, Baturen ya ɗaure kayansa zai koma gida. Ya riga ya sayi sabuwar kamara irin ta Super 8, wadda ta fito a 1965, saboda haka ya bar wa kukunsa tsohuwar, da majigin da ke haska fim ɗin, da nadi 5 waɗanda ma'aikatan gidan suka fito a ciki. Tsohon ya karɓa ya yi godiya, amma bai yarda an haska ko ɗaya a gidansa ba. Shi mutumin dā ne, na zamanin da ake kiran silima dodon bango. Akwai kuma wani dalili da bai taɓa faɗi ba: a cikin nadi guda, wanda aka ɗauka a 1958, akwai matarsa, wadda ta rasu a 1960.

Sau biyu rak Mai Agogo ya saci jiki ya kalli wannan nadi a kantinsa bayan an tashi kasuwa. Farkonsa 'ya'yan Bature ne suna wasa da kare a kan ciyawa. Sai ramin kuza daga nesa, mutane kamar tururuwa. Can wajen ƙarshe kamara ta juya bayan gida, wata mace ta fito daga ɗakin ma'aikata da jaririya goye a bayanta, ta ga an auna ta, ta ja mayafi ta rufe baki, dariya ta kuɓuce mata, ta juya ta koma. Sakan 9 ke nan, hotuna 144. Ba dominta aka sayi kamarar ba, ba kuma dominta aka biya kuɗin aikawa Ingila ba. Giftawa ta yi a gefen labarin waɗansu. Amma duk duniya babu wani hoto nata sai wannan. Jaririyar da ke bayanta kuwa ita ce ƙanwar Mai Agogo, wadda aka aurar Gusau, ta tsufa can da jikoki, ba ta san kamannin uwarta ba.

A 1984 ƙwan fitilar majigin ya mutu, aka nemi irinsa a Jos da Kaduna aka rasa. Bayan shekaru wani ya yi masa alkawarin juye fim ɗin a kaset ɗin bidiyo, sai ya kai nadi 4 kanti yana jiransa. Na mahaifiyarsa kuwa zuciyarsa ta ƙi, ya bar shi gida. A watan Fabrairu na 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone, kantinsa da agogunan mutane da nadin nan 4 duk suka zama toka. Tun daga ranar bai ƙara buɗe adakar ba, har shekara 20 suka wuce.

Jikarsa ce ta tayar da maganar. Tana karatu a Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa da ke nan Jos, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, hukumar da aka kafa a 1979. Wata rana ta dawo tana ba da labarin fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano shi cikin tarin gwangwanayen hukumar, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018. Dattijo ya saurara har ta gama, sa'an nan ya ce, "Amarya, jawo mini adakar can."

Da aka ɗaga murfi sai wani ɗan wari mai tsami ya taso. Yarinyar ta dafe ƙirji ta ce, "Tsoho, ka kusa yin sake. Wannan ita ce cutar da malamanmu ke faɗi." Gaskiyarta kuwa. Jikin irin wannan fim, in zafi da laima suka dame shi, yakan soma fitar da ruwan tsami irin na binigar, tsamin kuma shi ke ƙara hanzarta lalacewar. Sai fim ya tsuke, ya kanannaɗe, ya yi gautsi. Ba a warkar da cutar, sai dai a rage mata gudu da sanyi da bushewa. Abin da ya yi wa wannan nadi rana shi ne Jos tana bisa tudu, wajen ƙafa 4,000 sama da teku, ga sanyi. Da a Lakwaja ko Ikko adakar ta yi waɗannan shekaru, da wuya a tarar da abin kirki. Launinsa kuma bai kwaɗe ba, domin Kodachrome ne, wanda aka san shi da riƙe launi muddin yana cikin duhu.

Ita so ta yi a nemo ƙwan fitila a haska nan take. Shi kuwa ya ƙi. Ya san fim ɗin da ya tsuke, ramukan gefensa ba sa daidai da haƙoran majigi, in inji ya ja shi da ƙarfi sai ya yage, in kuma ya tsaya a gaban fitila mai zafi sai ya narke kafin a ƙifta ido. Ya ce kamarar zai fara gyarawa, don hannunsa ya saba da halin injin kafin ya taɓa abin da ba shi da madadi.

Cikin kamarar bai ba shi tsoro ba, gama 'yar'uwar agogo ce. Akwai sifirin mai ajiye ƙarfi, da jerin ƙafafu masu haƙora, da wani ɗan ma'auni mai juyawa wanda ke hana inji yin gudu fiye da ƙima, da faifan da ke buɗe haske yana rufewa, da ɗan ƙugiya mai jan fim hoto ɗaya ɗaya. Abin da ya tsayar da ita tsohon giris ne da ya daskare kamar danƙo, ya haɗu da ƙurar hunturu. Da farko ya tabbatar sifirin ya saki sarai, domin sifirin da ke ɗaure in ya ɓalle yana iya yanke yatsa. Ya kwance sukurori ya jera su a faranti bisa tsarin da ya cire su. Ya wanke girisin da man laita da ɗan burushi, ya ɗiga man agogo da bakin allura a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe kaɗai. Ya ce yawan mai ya fi rashinsa ɓarna, don shi ke kiran ƙura, in kuma ya kai ga gilashi an gama. Gilashin ya soma yin fumfuna kamar saƙar gizo, ya goge a hankali, ya shanya shi a hantsi. Inda idonsa ya gaza, sai jikar ta sa gilashin ƙara ganin, yana faɗa mata tana yi.

A cikin jakar kamarar sun tarar da nadi guda na Kodachrome da ba a taɓa ɗauka ba. Ba shi da sauran amfani, gama an daina yin irinsa a 2009, wuri na ƙarshe da ke wanke shi kuma, a jihar Kansas ta Amurka, ya daina karɓa a ƙarshen 2010. Da shi ya gwada gudun inji. Ya yi alama a kowace ƙafa, ya riƙe agogo: in ƙafa guda ta wuce cikin sakan 5, to gudu ya yi daidai. Ranar farko sakan 7 ta ci. Sai a rana ta huɗu ta zauna a kan 5.

Daga nan ya juya kan majigin. Ya cire belinsa da ya ruɓe, ya cire mataccen ƙwan, ya sa ƙwan tocila irin na zamani marar zafi a gurbinsa. Ya kafa wayar jikar a gaban tagar fim, da gilashin agogo a tsakani. Shi yana murɗa inji da hannu, hoto guda ya tsaya, ita ta ɗauka, ya sake murɗawa. Hotuna 100 suke yi a yini, bayan la'asar, saboda haka kwana 40 aikin ya ci. Sau 3 fim ya tsinke a tsohon mahaɗi, suka liƙa. Da suka gama ta harhaɗa hotunan a kwamfuta, 16 a kowane sakan.

Ba su aika ta waya ba. Mota suka shiga har Gusau. Aka tara 'ya'ya da jikoki a tsakar gida bayan sallar isha'i. 'Ya'yan Bature suka wuce da karensu, ramin kuza ya wuce, matar nan ta fito. Tsohuwa ta matso har goshinta ya kusa taɓa allo. Ta ce, "Yaya, a mayar." Aka mayar. Sai da aka mayar sau 6 tana shiru, kana ta ce, "Ashe wushiryar nan tata ce na gado." Ta share ido da bakin zane, aka yi wa mamaciya addu'a, aka shafa.

Kamarar ma ba ta koma adaka ba. Har yanzu kamfanin Foma na ƙasar Cek yana yin fim baƙi da fari mai shiga irinta, wani ɗan unguwa da ke karatu a Turai ya kawo musu nadi guda. Mai Agogo ya yi wata 2 yana tunanin abin da ya cancanci minti 4. Jikar ta yi masa tsiya, ta ce ita a yini guda takan ɗauki fiye da haka. Ya tambaye ta ina hotunan wayarta ta bara wadda aka sace a tasha, ta yi shiru. A ƙarshe matan gida ya ɗauka ranar Sallah, kowace ya tsaya a kanta sakan 10 cur, yana ƙirgawa a zuci, ya kuma sa jikar ta rubuta sunayensu da kwanan wata a jikin kwalin.

Babu shakka akwai irin wannan adaka a gidaje da yawa a Jos da Bukuru da Kaduna da Zariya da Kano, wajen iyalan tsofaffin ma'aikatan kuza da na reluwe da na En'e, da waɗanda suka yi karatu Ingila suka dawo da kamara. Wanda ya gaji irinta ya buɗe ya sansana. In ya ji tsami, ya ware wannan nadi daga sauran, domin cutar tana yaɗuwa. Ya fitar da shi daga leda, ya ajiye a ɗaki mafi sanyi da bushewa, nesa da rufin kwano. Kada ya sa shi a majigin da ya daɗe a ajiye don ɗokin gani. Kamara mai wani a bar sifirinta a sake, mai batir kuma a cire mata batir kada ya zube ya cinye ƙarfe. Sa'an nan ya nemi shawarar masana, ga ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa a Jos, ga kuma Jami'ar Jos da ta soma koyar da adana fim a matakin digiri na biyu tun 2019. Ya kuma gaggauta zama da tsofaffin gida su faɗi sunayen waɗanda ke cikin hoton tun suna raye. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da kyau da imani.