Ɗan Hakin da Ka Raina

Mota a-kori-kura ita ce jakin zamani a ƙasar Hausa. Tun da aka fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, da wuya ka sami kasuwar ƙauyen da ba ta shiga. Ni kuwa ina da dalilin damuwa da lafiyarta, domin da abin da Baffana yake samu da tasa ake biya mini kuɗin makaranta. Shi ya sa nakan zama yaron motarsa duk lokacin hutu.

Wata rana mun ɗauko kwandunan tumatir daga Kadawa za mu Kano, muka tsaya a Kura muka yi sallar asuba. Da muka dawo, Baffa ya murɗa makulli, sai muka ji ƙas, daga nan shiru. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa, rana na ɗagawa zai soma ruɓewa, ga shi kayan mutane ne. Nan da nan masu ba da shawara suka kewaye mu. Wannan ya ce batir ya mutu, wancan ya ce kik ne ya ƙone.

Baffa bai tanka musu ba. Ya kunna fitilun gaba, ya ce mini, "Tsaya can ka duba." Yana murɗa makulli fitilun suka mutu murus. Ya ce, "To, ta faɗi ciwonta." Ga yadda ya bayyana mini. In fitila ta dushe ko ta mutu, wuta ce ba ta isowa, sai a nemi batir da wayoyinsa. In ta tsaya da haskenta amma inji bai motsa ba, a tuhumi kik ko makulli. In kuwa inji yana juyawa bai kama ba, batir ya fita zargi, a koma kan kwayil da filogi da mai.

Ya buɗe bonet ya taɓa kan batir, ya ji shi da zafi, ga wani farin gari ya lulluɓe shi. Ya fara kwance wayar da ke haɗe da jikin mota, don kada sifana ta jawo tartsatsi, sa'an nan ɗayar. Muka wanke da ruwan kanwa, muka kankare, ya ɗaure tamau. Bugu ɗaya mota ta tashi.

Dalili shi ne, kik yakan ja wuta fiye da amfiya 100 a lokaci guda, saboda haka 'yar dattin da fitila za ta jure ta isa ta toshe masa hanya. A Kano mai gyaran wutar mota ya auna mana. Ya ce lafiyayyen batir yakan nuna bolt 12.6 in inji na kashe, in yana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Abin da ya gaza haka, a duba fambel ko alteneta. Namu lafiya lau.

To, 'yan'uwa ɗalibai, da an bi ta masu shawara, da kuɗin zangona ya tafi wajen sayen sabon batir, tumatir kuma ya tafi juji. Mota tana magana, sai dai masu saurare ne suka yi ƙaranci. A fara da na kusa kafin a tafi na nesa. Allah ya sa mu dace, amin.