Mako Uku A Ƙasar Tailan: Abin Da Wani Matashi Mai Bishara Ya Gano

Mafi yawan mutanenmu ba su san ƙasar Tailan ba sai a jikin buhun shinkafa. Ƙasa ce a kudu maso gabashin Asiya, da can ana kiranta Siyam, sai a shekarar 1939 aka sake mata suna. Ita kaɗai ce a wannan yanki Turawa ba su yi wa mulkin mallaka ba, abin da mutanenta ke taƙama da shi har gobe. Fiye da kashi 90 cikin 100 na jama'arta mabiya addinin Buda ne, Musulmi wajen kashi 5, galibinsu a lardunan kudu, Kirista kuwa ba su wuce kashi 1 da 'yan kai ba. To, wannan ƙasa ce ikkilisiyarmu ta aike mu, mu takwas, samari da 'yan mata, a watan Disamba na 2024, domin mu yi mako uku muna taimakon wata ƙaramar majami'a a arewacin ƙasar. A lissafinsu shekarar 2567 ke nan, don kalandarsu tana gaban tamu da shekara 543.

Ba zan ɓata wa mai karatu lokaci da labarin hanya ba. Mun bi jirgin sama ta Adis Ababa muka sauka Bankok, sa'an nan muka kwana cikin jirgin ƙasa, tafiyar fiye da kilomita 700, gari ya waye mana a Ciyang Mai. Tsohon birni ne a bakin kogin Ping, Sarki Mangrai ya kafa shi a 1296, har yanzu kuwa ga ragowar ganuwarsa da ƙofofinta, ga kuma ramin ruwan da ya kewaye ta. Ƙauyen da aka sauke mu tafiyar sa'a guda ce a mota daga birnin.

Faston majami'ar dattijo ne mai sanyin murya, su can Ajan suke ce masa, watau Malam. Kafin ya bar mu mu buɗe Littafi Mai Tsarki, sai da ya zaunar da mu yini guda yana koya mana ladabi. Ba a taɓa kan mutum, ko na yaro ne. Ba a miƙe ƙafa wajen mutum, balle wajen siffar Buda. Gaisuwa ita ce a haɗa tafin hannu biyu a ƙirji a ɗan sunkuya, ƙarami ne kuma ke farawa. Wanda ya girme ka Fi za ka ce masa, kamar Yaya a wurinmu, wanda ka girma kuwa Nong. Ba a ɗaga murya ko an ɓata maka rai. Maganar Sarki kuwa, ya ce mu kama bakinmu ɗungum, domin dokar ƙasar ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 15 ga wanda ya ci mutuncin gidan sarauta.

Aikinmu ba wani babba ba ne. Da safe mu koya wa yara Turanci, da la'asar mu buga ƙwallo da su, tsakani kuma mu yi wa majami'a fenti ko mu raka Ajan gaida marasa lafiya. Abin da ya ɗaure wa yaran kai shi ne ganin baƙar fata Kirista, don a zatonsu wannan addini na Farang ne, watau Turawa. Nijeriya kuwa sun santa ta wajen ƙwallo, saboda ƙungiyar Leicester ta Ingila mallakar 'yan Tailan ce, kuma a can Ahmed Musa ya tafi wasa a 2016. Abinci bai ba mu wahala ba. Mutanen arewa shinkafa mai danƙo suke ci, a ɗebo da hannu a mulmula a dangwala miya, sak tuwo, sai dai barkononsu ba ya jin magiya.

Da bikin Kirsimeti ya matso, Ajan ya kafa mana doka guda: kada wanda ya ce wa jama'a, wanda yake so ya bi Almasihu ya ɗaga hannu. Ya ce ai kowa zai ɗaga. Baƙin da suka zo gabanmu sun yi haka, suka ƙirga hannuwa, suka koma gida da labari mai daɗi, ran Lahadi kuwa mutanen nan ashirin da 'yan kai da aka saba gani su ne dai suka zo sujada. Ba yaudara ba ce. Wata ɗabi'a ce tasu da suke kira kreng jai, wadda ban sami kalmar da ta fi kusa da ita ba sai kara. Baƙo ya taso daga uwa duniya, ya koya wa ɗanka Turanci kyauta, ya roƙe ka abu a gaban jama'a, ina fuskar da za ka hana shi? Bahaushe ya san wannan sarai, sai dai tasu karar ta ninka tamu. Ranar bikin ƙauyen duka ya hallara, aka ci aka sha, aka saurari wa'azi tsit, aka yi godiya, kowa ya kama gabansa.

Akwai kuma matsalar harshe, wadda ta wuce ta karin sauti. Harshensu yana da kari biyar, kalma guda ma tana iya zama zo, ko doki, ko kare, amma kunnen mai jin Hausa ba baƙo ba ne ga irin wannan. Wahalar tana cikin ma'ana. Tafintarmu, wata malamar makaranta, ta bayyana mana cewa in ka yi wa mabiyin Buda albishir da rai madawwami, mai yiwuwa tsoro ka ba shi. A koyarwarsu mutum yana mutuwa a sake haihuwarsa, ya mutu a sake haihuwarsa, burin mai hankali kuwa shi ne ya fita daga wannan zagaye gaba ɗaya. Har ila yau Littafi Mai Tsarki na harshensu yana amfani da kalmomin fada in ana zancen Allah da Almasihu, kalmomin da manomi ba ya furtawa a gidansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin wani saurayi tsarana, shi ke kaɗa garaya a majami'ar, shi kaɗai ne kuma ɗa namiji a wurin tsohuwarsa. Al'adarsu ce saurayi ya aske kai ya yafa mayafin nan ruwan goro na limaman Buda, ya zauna a gidan ibada ko da na 'yan makonni ne, ladan kuwa ya tafi ga iyaye, musamman uwa. Shi da ya karɓi baftisma sai wannan ya gagara. Uwar ba ta zage shi ba, ba ta kore shi ba, tare suke noma, tare suke ci. Tambaya guda take yi masa lokaci lokaci: ran da na mutu, wa zai nema mini lada? Ya ce shekara huɗu ke nan yana jin tambayar nan, bai sami amsar da za ta kwantar mata da hankali ba. Mu da muka zo da tikitin komawa a aljihu, babu wanda ya iya ce masa uffan.

Ba yau aka fara ba. Mishan na Furotestan sun shiga Bankok a 1828, 'yan Katolika kuwa sun riga su da fiye da shekara 250. Likita Dan Beach Bradley, Ba'amurke, ya iso a 1835, ya kawo injin ɗab'i da lambar agana, ya kuma buga jaridar farko ta ƙasar a 1844. Daniel McGilvary ya iso Ciyang Mai a 1867, bai yi wa kowa baftisma ba sai a farkon 1869, a cikin wannan shekara kuma sarkin garin ya sa aka kashe biyu daga cikin sababbin Kiristan. Sai a 1878, zamanin Sarki Culalongkon, aka ba da dokar 'yancin addini a arewa. Mun ziyarci asibitin McCormick, da tsibirin da Likita McKean ya buɗe wa kutare mazauni a 1908. A ganina mutanen Tailan sun karɓi magani da makaranta da ɗab'i hannu biyu-biyu, suka yi godiya, suka riƙe addininsu. Inda majami'u suka yi yawa shi ne cikin ƙabilun duwatsu irin su Karen.

Ranar hutunmu mun hau dutsen Doi Sutep, matakala fiye da 300, muka ga hasumiyar zinariya da mahajjatansu suna kewayawa da furanni. Da muka sauko muka ci taliyar nan ta kao soi a kusa da masallacin Ban Ho, na Musulmi 'yan asalin ƙasar Sin. Ba mu ga mai hararar wani ba.

Daren da za mu taso, shugaban ayarinmu ya tambayi Ajan ko zuwanmu ya yi amfani, alhali kuɗin jirgin mutum ɗaya cikinmu ya fi abin da shi yake samu cikin watanni da dama. Ya yi murmushi, ya ce yara sun ji daɗi, bango ya yi kyau, mutanensa kuma sun gani da idonsu cewa Kirista ba Bature kaɗai ba ne. Sa'an nan ya ce, in dai ba kara za a yi ba, abin da yake bukata mutum ɗaya ne wanda zai zauna shekara uku, ya koyi baƙaƙensu 44, ya halarci jana'izarsu da bikinsu. Mun kawo wannan saƙo gaban dattawan ikkilisiya, sun ce za su duba. Mu biyu daga cikin ayarin mun fara koyon baƙaƙen, na kai na goma sha bakwai.