Wasan Bul a Hayin Kogin Yamai

Duk wanda ya tsallaka Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, daga tsakiyar Yamai zuwa Harobanda, zai ga birnin ya sake fuska. Hayaniya ta ragu, ga gonakin shinkafa da lambuna a bakin ruwa, ga Jami'ar Abdou Moumouni, can nesa kuma tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai. A watan Satumba kogin yakan cika ya yi ja saboda jar ƙasar da ruwan damina ke kwasowa. Lokacin jan ruwan nan ne gidaje da yawa ke ɗaurin kaya, domin komawa makarantu ta gabato.

A wannan hayin, kan wani tudu mai tsakuwa a inuwar dogon yaro, gidanmu ya saba fita wasan bul, wanda Faransawa ke kira petank. Ba ya bukatar komi sai fili. Akan zana da'ira a ƙasa, a jefa ɗan ƙwallon katako tsakanin mita 6 zuwa 10, sannan kowa ya yi ƙoƙarin kusantar da ƙwallonsa na ƙarfe gare shi. Nauyin kowane ƙwallo giram 650 zuwa 800 ne, kuma ɓangaren da ya riga kai maki 13 shi ya ci. A garin La Ciotat na kudancin Faransa wasan ya samo asali, wajen 1907, saboda wani ɗan wasa, Jules Lenoir, da ciwon gaɓoɓi ya hana shi gudu. Shi ya sa ake jifa ƙafafu a kafe, tsoho da yaro su kara ba wanda ya fi wani. Wasan ya kama ƙasashenmu sosai, har aka yi gasar duniya a Dakar a 2008, da Kwatano a 2023.

Da farko mu shida ne, Baba da ƴaƴansa biyar, uku-uku, kowa da ƙwallo biyu. Inna na kan tabarma da butar shayi, ita ke riƙe lissafi, kuma ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinta. Da aka kai Yaya ɗakinta a Maraɗi, wani kuma aiki ya kai shi Agadas, sai muka koma biyu-biyu. Dokar wasan ta ce a nan kowa ya riƙe ƙwallo uku. Ƙwallaye goma sha biyu suna nan yadda suke, hannuwa ne suka ragu, rabon kowa ya ƙaru. Haka ma hidimar gida ta zama.

A fitarmu ta ƙarshe, saura kwana uku auta ya tafi Jami'ar Musulunci ta Say, mai bi masa a sama kuma ya nufi Damagaram. Baba ya daɗe yana auna tazarar ƙwallaye biyu da igiya, alhali ido ma ya raba gardamar. Auta ya ce, "Baba, ai taku ce ta fi kusa." Ya ce, "Na sani, ɗana. Bari dai mu sake aunawa." Ba wanda ya ƙara magana har aka kira magariba. Nan gaba sai Baba da ɗayanmu, ƙwallo uku-uku, sauran shida su zauna cikin jaka.

Ya ku ƴan'uwa masu karatu, tafiyar ƴaƴa neman ilimi ko aure abin farin ciki ce, iyaye ma ita suke roƙa. Amma kiran salula ba ya cike gurbin mutum a tsakar gida. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Mu dai mun tsayar da washegarin Babbar Salla ta kowace shekara, kowa ya zo daga inda yake. Ku ma ku tsayar da taku ranar tun iyaye na da ƙarfin fita. Allah ya tsare matafiya, ya ba na gida haƙuri.